Ilimin da aka Mayar Waƙafi: Mene ne Haƙƙinsa a Kanmu?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa, kowace kwamfuta da wayar salula tana aiki ne da manhaja, wato jerin umurni da wani mutum ya zauna ya rubuta. Kamfanoni da yawa suna ɓoye asalin wannan rubutu, mai saye ba ya da ikon dubawa, balle gyarawa. A shekarar 1983 wani masani a Amurka, Richard Stallman, ya ƙi yarda da haka, ya fara aikin GNU. A 1989 ya fitar da yarjejeniyar GPL, wadda ta bai wa kowa izinin amfani da manhaja, da nazarinta, da gyara ta, da raba ta. Ba ta hana sayarwa ba, sai dai ta kafa sharaɗi: wanda ya gyara ya raba wa mutane, wajibi ne ya ba su irin ƴancin da shi ma ya samu. A 1991 wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara Linux, daga baya ya sanya ta ƙarƙashin wannan yarjejeniya. A kan Linux aka gina wayoyin Android da ke aljihunmu. Kundin ilimi na Wikipedia kuwa, wanda aka buɗe a 2001, ya bi irin wannan tafarki wajen rubutu, har da sashen Hausa.

To, shin wanda ya ɓoye aikinsa ya sayar ya yi zalunci? Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait cikin 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira abin karewa ne a shari'a. Saboda haka gumin mutum nasa ne. Kuma wannan shi ya ƙara wa kyautar daraja, domin mutum ba ya yin waƙafi sai da abin da ya mallaka. Wanda ya gina rijiya ya bar wa gari, ya ce kada a sa mata ƙofa, sharaɗinsa abin kiyayewa ne.

Abin tsoro yana wajen masu ɗiban ruwa. A 2014 aka gano wata babbar ɓaraka, da aka kira Heartbleed, cikin manhajar OpenSSL mai tsare asiran mutane a intanet. Sai duniya ta farga cewa mutane ƙalilan ne ke kula da ita, da ɗan tallafin da bai taka kara ya karya ba, alhali manyan kamfanoni suna cin moriyarta. Kowa ya sha, ba mai yashe rijiya.

Lalle wanda ya amfana da waƙafi ya ɗauki amana. Wajibi ne mu ambaci mai aiki, kada mu jingina wa kanmu abin da ba mu yi ba, mu cika sharaɗin mai bayarwa. Masu ilimi daga cikinmu su fassara, su gyara kuskure, su rubuta abin da suka sani da harshenmu. Masu hali su taimaka da dukiya. Ilimi mai amfani yana daga cikin ayyukan da ladarsu ba ta yankewa bayan mutuwa.

Allah ya sa mu cikin masu riƙon amana. Wassalamu alaikum.