Yaron da Aka Ce Ba Shi da Haƙuri

Labarin ɗan ƙanwata ya riga shi isowa Gaya. An kai shi koyon ƙira a Ajingi, ya yi wata huɗu ya ajiye zuga-zugi ya ce ya gaji. Uwarsa ta kira ni a waya ranta a ɓace, ta ce, "Yaya, yaron nan ba shi da haƙuri ko na anini. Ga shi nan zuwa, ka yi masa faɗa."

Daren da ya sauka, bayan sallar isha'i, na tarar da shi a zaure ya duƙufa kan waya. Na ɗauka ƙwallo ce irin wadda samari ke bugawa a gidajen gem.

"Ba ƙwallo ba ce, Kawu," in ji shi. "Labari ne, kuma ni ne jarumin."

Sunan wasan Dragon Quest, ranar ya fara shi. A Japan aka ƙirƙire shi a 1986. Yuji Horii ne ya tsara shi, zanen kuwa na Akira Toriyama ne, mai Dragon Ball, wanda ya rasu a 2024. Tsohon wasa ne, amma a wurin yaron sabo fil.

Na gyara zama ina kallo. Sarki ya ba jarumin zinariya 120, kuɗin da ba su isa sayen takobi ba, sai sandar gora ko kulki. Da ya fito daga fada, can a tsallaken ruwa ga gidan babban dodon da zai kashe a ƙarshe. Yana ganinsa ƙiri-ƙiri, amma babu gada, sai ya zagaye ƙasar kaf. Abokin karawarsa na farko wani ɗan shuɗin dodo ne mai kamar ɗigon ruwa, har da murmushi. Ya doke shi, ya sake haɗuwa da irinsa, ya sake dokewa. Na fi sa'a biyu a zaune, aikin ke nan. In ƙarfinsa ya ragu ya koma gari ya biya kuɗin masauki, ya kwana, ya dawo. Duk wanda ya gamu da shi a gari sai ya tsaya ya ji ta bakinsa, yana haɗa Turancin da ƙyar.

Wannan ne yaron da aka ce ba shi da haƙuri?

Na ce masa, "Ɗana, abu ɗaya kake ta maimaitawa. Me ya bambanta shi da zuga?"

Ya nuna mini wata lamba a gefen allon. "Kawu, duk dukan da na yi ana rubuta mini. In makin ya cika sai in hau mataki na gaba. A maƙera kuwa wata huɗu ina zuga, ko masaba ban taɓa ba, kuma babu wanda ya ce mini ga ranar."

Maganar ta zauna mini. Mu mutanen Gaya muna alfahari da ƙira. Tarihi ya ce Abagayawa, maƙeran da suka fara zama a gindin Dala, daga nan suka tashi neman tama. Kuma na san zuga ba wulaƙanci ba ce. A nan ido ke koyon launin ƙarfe, ya san lokacin da ya nuna da lokacin da zai ƙone. Amma ɗan maƙeri na da a maƙera ya buɗe ido, ya ga wansa ya tashi daga zuga ya kama awartaki, ya ga lauje na farko da ya fito daga hannunsa. Ya san hanyar ba sai an faɗa masa ba. Yaron da aka kawo daga wani gida bai ga ko ɗaya ba, gawayi da hayaƙi kawai yake gani. Mutanen Japan ɗin nan sun nuna wa yaro inda zai je tun ranar farko, sannan suna ƙirga masa kowane taku, sai ga shi yana jure abin da ya fi zuga gundura.

Ban yi masa faɗan ba. Ranar Asabar zan raka shi Ajingi in gaisa da maigidansa, in roƙe shi ya zaunar da yaron ya faɗa masa abin da ke bayan zuga, da abin da ke bayan wancan, in da hali kuma ya bar shi ya ƙera ko da ƙusa ɗaya ce ya kai wa uwarsa.