Abokin Ɓarawo Ɓarawo Ne: Hukuncin Hannun Jari A Ƙasar Azzalumai

Muna farawa da sunan Allah, muna gode maSa bisa ni'imar Musulunci. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, ku sani cewa yaƙi ba ya tafiya sai da dukiya. Harsashi saye ake yi, jirgin yaƙi mai yake sha, soja albashi yake jira. Saboda haka duk wanda ya cika aljihun azzalumi, to yana da rabo a cikin jinin da aka zubar, ko da bai taɓa riƙe bindiga ba. A aya ta 2 ta Suratul Ma'ida Allah Ya umurce mu da haɗa kai a kan alheri, Ya kuma hana mu tallafa wa juna a kan saɓo da ta'addanci. A kan wannan ne malamanmu na Malikiyya suka haramta sayar da makami ga wanda aka san zai yi ɓarna da shi, kamar yadda suka haramta sayar da inabi ga mai matsa giya.

Mu ɗauki misali da ƙasar Miyanma, wadda dattawa suka sani da suna Bama. A shekarar 1992 kamfanin Total na Faransa ya ƙulla yarjejeniya da gwamnatin sojan ƙasar domin haƙo iskar gas a wani wuri cikin teku mai suna Yadana. Kamfanin Unocal na Amurka ya shigo ciki, daga baya Chevron ya saye Unocal a 2005. Mafi yawan iskar ana tura ta Tailan ta bututu, kuɗin kuwa wani kaso nasu yana shiga asusun MOGE, wato kamfanin mai na gwamnati.

A shekarar 2017 sojojin wannan ƙasa suka far wa Musulmin Rohinja, suka ƙone ƙauyuka, har mutum fiye da 700,000 suka gudu zuwa Bangaladash. A 2019 ƙasar Gambiya ta kai ƙarar Miyanma gaban Kotun Duniya. Ranar 1 ga Fabrairu 2021 kuma sojojin suka ƙwace mulki, suka juya bindigoginsu a kan sauran talakawa, mabiya Budda da Kirista da Musulmi.

Mutanen ƙasar da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam da wasu masu hannun jari suka tsaya wa kamfanonin nan a wuya, suna rubuce-rubuce, suna zanga-zanga a ƙofar ofisoshinsu. Ranar 21 ga Janairu 2022 Total da Chevron suka ba da sanarwar janyewa. Total ya fita a watan Yulin wannan shekara, Chevron kuwa sai a Afrilun 2024.

To sai dai gaskiya ɗaya ce, dole mu faɗe ta. Fitarsu ba ta tsayar da haƙo iskar ba. Kamfanin PTTEP na Tailan ya karɓi ragamar aikin, kason MOGE ma ya ƙaru. Wani zai ce, ashe an yi aikin banza ke nan? A'a. Ku tuna labarin mutanen Asabar a Suratul A'araf. Da aka tambayi masu wa'azi amfanin gargaɗin mutanen da ba sa ji, sai suka nuna cewa suna neman uzuri ne a wurin Ubangijinsu, tare da fatan masu laifin su ji tsoron Allah. Tsame hannu daga zalunci wajibi ne a kan kowa, ko da wani zai sa nasa. Nasara kuwa a hannun Allah take.

Akwai kuma iyaka da shari'a ta gindaya. Sumamatu ɗan Usal, shugaban mutanen Yamama, da ya musulunta sai ya hana Ƙuraishawa alkama. Da yunwa ta tsananta a Makka suka roƙi Manzon Allah (SAW) saboda zumunci, sai ya aika wa Sumamatu ya sake musu hanyar abinci. Ashe matsin tattalin arziki makami ne halattacce, amma a kan azzalumi ake ɗora shi, ba a kan marayu da tsofaffi ba. Total ya kafa hujja da cewa tsayar da aikin zai jefa birnin Yangon cikin duhu. Amsar da masu fafutuka suka bayar ita ce a bar wuta ga talaka, a riƙe kuɗin a wani asusu inda hannun soja ba zai kai ba. Wannan ra'ayi ya yi daidai da ruhin shari'a.

Ya ƴan'uwa, kada mu zargi kamfanonin Turawa mu mance da kanmu. Wanda ya cika jarka da fetur ya kai wa ƴan bindiga a dajin kan iyakarmu, domin su zuba a babura su je su kashe manoma, hukuncinsa ɗaya ne da na babban kamfani. Bambancinsu yawan riba kawai. Ɗan kasuwa ya binciki wanda yake sayar wa kaya. Mai zuba jari ya tambayi inda ake juya kuɗinsa. Malamai kuma su faɗi gaskiya, ko azzalumin Musulmi ne ko waninsa, domin Annabi (SAW) ya koya mana cewa taimakon ɗan'uwa azzalumi shi ne a hana shi zaluncin.

Ya Allah Ka tsarkake dukiyarmu daga jinin bayinKa. Ka agaza wa waɗanda ake zalunta a duk inda suke, Ka mayar da ƴan gudun hijira gidajensu lafiya, Ka zaunar da ƙasarmu Nijar cikin aminci. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.