Wa Ke Da Alhakin 'Yan Dakon Bama Da 'Yan Ɗiban Gwamna?

Jama'a, duk sanda aka yi zancen tankokin yaƙi na barikin Rukuba, ni Bama nake tunawa. A 1944 runduna ta 81 ta sojan Afirka ta Yamma ta shiga kwarin Kaladan, ƙurmin da tanka ba ta iya kutsawa. Harsashi da abinci a kan mutane aka ɗora su, da yawansu 'yan Arewa ne. A nan gida kuwa, da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa kuza, sai aka fara ɗiban gwamna: a kwaso talakawa daga lardunan Arewa a zuba su ramukan Filato. Sanyi da yunwa suka kashe da dama. Mu da ke zaune Rayfield, a bakin tafkunan kuza, bai kamata mu manta ba.

To, wa ke da alhakinsu? Kowa zai ce Bature, kuma haka ne. Amma ni ban wanke hakimi da dagacin da suka rubuta sunaye ba. Za a ce su ma tilasta su aka yi. Na yarda, sai dai mai tsoron rasa rawani ba ɗaya yake da wanda aka ɗaure da igiya ba. Dagacin da ya tsallake ɗansa ya rubuta ɗan maƙwabci fa, shi ma tilas ce?