Kafin ka ɗora sola a kan rufinka

Ɗana, in zuciyarka ta karkata ga sa wa gidanka sola, ba zan hana ka ba, hasali ma addu'a zan yi maka Allah ya hore. Duk mai iyali ya san abin da ya gani tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta zarce 1,000, har janareta ya zama sai an yi baƙo ko wani ba lafiya ake tayar da shi. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta ɗaga wa masu amfani da wuta 'yan rukunin A kuɗinta daga kimanin naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit, a Oktoban shekarar kuma aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, yawancin jihohin Arewa suka yi sama da mako guda a duhu. Wanda ya ga wannan ya ɗaga kai ya dubi rana, bai yi wauta ba.

Sai dai ka zauna mu yi lissafi tukuna, don na ga magidanta da yawa sun shiga wannan harka da murna sun fito da ƙorafi, kuma galibinsu ba sola ce ta cuce su ba, gaggawa ce. Hasken rana kyauta ne, kayan kama shi kuwa da tsada suke. Abin da za ka yi a zahiri shi ne biyan kuɗin wutar shekaru masu zuwa a rana ɗaya, to ko za ka ci riba ko za ka faɗi, wannan ya rataya ne a kan yadda ka auna gidanka kafin ka je kasuwa.

Ka ɗauki takarda da biro ka zagaya ɗaki-ɗaki, ka rubuta duk abin da ake jonawa da yawan awannin da yake yi a kunne. Fankar sama irin ta da tana jan wat 70 zuwa 75, alhali fankar sola ba ta kai rabin haka ba. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60, ƙwan zamani mai wat 9 yana ba da haske irin nasa. Dutsen guga kuwa wat 1,000 ne ko fiye, hitar ruwan zafi ta fi shi ci. Kafin ka sayi faifan sola ko ɗaya, fara canza ƙwayaye da fankoki, domin kowane wat da ka rage a ɗaki ya rage maka kuɗin faifai da na batir. Mutane ba sa son wannan mataki saboda ba abin da maƙwabci zai hango a kan rufi, amma a nan ne sauƙin kuɗin yake farawa.

Yanzu batir, wanda shi ne ke cinye kaso mai tsoka na kuɗin, kuma shi ne ke fara mutuwa. Ka ɗauki faifan a matsayin ɗan garuwa mai kawo ruwa da rana kawai, batir kuma randar da za a sha daga gare ta har gari ya waye. Faifai mai wat 400, a irin ranar da Allah ya ba mu ta awa 5 zuwa 6 mai ƙarfi, zai tara maka yunit ɗaya da rabi ko kusa da biyu bayan an cire abin da ke salwanta a waya da inbata. Batir mai ruwa na 12V 200Ah a takarda yunit 2.4 yake ɗauka, amma ba a son a zuƙe fiye da rabinsa, ke nan yunit 1.2 ne naka. Tsofaffin fankoki uku za su shanye wannan cikin awa biyar. Shi ya sa za ka ji maigida yana cewa an cuce shi, wuta na ɗaukewa ƙarfe biyu na dare a tsakiyar zafin Afrilu, alhali abin da ya saya ke nan. In kuwa aka dinga matse batirin kullum sai ya ƙare ƙarƙaf, wanda ya kamata ya yi shekara uku ko huɗu sai ya kwanta kafin ya cika biyu, a koma kasuwa da kuɗin da aka ce za a adana. Batirin litiyam ya fi tsada a ranar saye, amma yana jure a sha kashi 80 cikin ɗari nasa, yana kuma ɗaukar caji sau dubbai. In aljihunka zai kai, a ganina ƙaramin litiyam na gaskiya ya fi tarin masu ruwa da ba za ka iya kula da su ba. Kowanne ka saya, ka nema masa wuri mai iska da inuwa, kada ka cusa shi a ɗakin da kwano ke gasawa, don zafi na rage wa batir kwana.

Ka kula da wanda za ka damƙa wa aikin. Yau duk wanda ya taɓa ɗaura ƙwan fitila ya zama injiniyan sola, a kasuwa kuma akwai faifan da aka manna wa takardar wat ɗin da bai kai ba, da tsohon batir da aka goge aka sa a sabon kwali. Araha ba ta ado. Ka nemi mai haɗawa ya kai ka gidan da ya yi wa aiki shekara biyu da suka wuce, ka tambayi mutanen gidan da bakinka. Ka karɓi rasit da takardar garanti. Ka tsaya a kai ya sa waya mai kauri da fis da abin kariya daga tsawa, don siririyar waya tana ɗaukar zafi, kuma gobara ba ta tambayar nawa aka rage maka.

Faifai ya fuskanci kudu, a ɗan karkace, inda inuwar darbejiya ko tankin ruwa ba ta faɗa masa. Da hunturu ƙura za ta lulluɓe shi, sai a riƙa wanke shi da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe kafin gilashin ya ɗau zafi.

Abin da ya fi wuya, ɗana, shi ne mutanen gida. Sola tana son gida mai tsari, kuma tsari ba ya samuwa da tsawa. Ka zaunar da uwargida da yara tun kafin a kawo kaya, ka nuna musu lissafin nan, a yarda cewa guga da markaɗe da tura ruwa tanki da rana tsaka za a yi su, lokacin da faifai ke bayarwa kai tsaye, firiza ta yi ƙanƙararta da rana a kashe ta da dare. Uwargida ta fi ka sanin abin da ake kunnawa in ka fita, shawararta za ta fi ta mai shago amfani. Maƙwabta za su aiko da wayoyi a sa musu caji, kada ka ɓata fuska, cajin waya bai taka kara ya karya ba, haƙƙin maƙwabtaka kuwa babba ne. Amma in ana maganar a ja waya ta katanga, ka faɗi gaskiyar ƙarfin kayanka cikin mutunci tun farko, kafin abin ya zama gaba.

Kada kuma ka ci bashin da zai hana ka barci don ka haɗa irin na wane. Ka fara da fitilu da fankoki da caji, ka sayi inbatar da za ta karɓi ƙari nan gaba. Kuɗin man da ka daina saye, kada ka bari ya narke a cefane. Ka riƙa ware wani abu duk wata da sunan batir, domin ranar canza shi tana nan tafe, kuma ba za ta duba ko lokacin kuɗin makaranta ne ko jajibirin salla ba.