Muƙamin Kaka da Abin da Jika Ke Gada

A unguwar Kew, a yammacin birnin Landan, akwai gidan ajiyar takardun gwamnatin Birtaniya, inda aka adana kundayen rundunar sojan ruwa tun na ƙarnonin da suka shuɗe. Mutane kuwa ba su fasa zuwa can ba, ko neman hoton shafi ta intanet, domin bin sawun wani kaka nasu da ya yi aikin injiniya a jiragen yaƙi. A cikin jerin kundayen da aka yi wa lamba ADM 196, kowane hafsa yana da shafinsa, wanda ya ƙunshi ranar haihuwarsa, da ranar shigarsa aiki, da sunayen jiragen da ya zauna a cikinsu ɗaya bayan ɗaya, da ranar kowane ƙarin girma, wani lokaci har da 'yan kalmomin da shugabansa ya rubuta game da halinsa da ƙwazonsa. Mas'alar da ta cancanci bahasi a nan ita ce, idan jika ya gama karanta wannan shafi, ya ga inda kakansa ya faro da inda ya tsaya, shin ƙimar mutumin ya gano, ko kuwa ƙimar da mutanen zamaninsa suka ga dama suka ba shi?

Wanda ya san yadda muƙaman nan suka samo asali ba zai yi gaggawar amsawa ba. A shekarar 1837, sa'ad da jiragen tururi suka yi yawan da ba a iya kawar musu da kai, hukumar sojan ruwa ta kafa wa injiniyoyi reshe nasu, ta kasa su aji uku, sa'an nan ta ajiye su a ƙarƙashin kafintan jirgi wajen daraja. Sai a 1847 aka fara ba manyansu cikakken naɗin hafsa, amma ƙananansu suka daɗe suna cin abinci a wuri dabam, domin hafsoshin da ke saman jirgi 'ya'yan manyan gidaje ne, su kuwa waɗannan an ɗauko su ne daga masana'antu, hannuwansu duk baƙin mai. A 1856 an ƙaga wata 'yar da'ira ta zaren zinariya a hannun riga, aka keɓe ta ga hafsoshi masu ba da umarni. A 1863 kuma aka sanya wa injiniya ƙyalle mai launin shunayya a tsakanin igiyoyin hannun rigarsa, ta yadda duk wanda ya hango shi daga nesa zai san cewa mai kula da inji ne, ba shi da ikon riƙe jirgi, ko da kuwa ya fi kowa shekaru a cikinsa. Abin mamaki, a 1871 an jefa jirgin yaƙi Devastation cikin ruwa ba shi da filafilan kama iska ko kaɗan, ma'ana in injinsa ya tsaya, kyaftin da manyan bindigoginsa sun zama kayan da igiyar ruwa za ta yi ta juyawa. Amma duk da haka mutumin da rayuwar jirgin take hannunsa bai kai ga waccan da'ira ba.

Daga baya al'amura sun yi ta kai da komo. A ƙarshen 1902, da himmar Admiral Fisher, aka fito da tsarin da zai haɗa yaran da za su zama injiniyoyi da waɗanda za su zama masu umarni a makaranta guda, a 1903 kuma aka soma kiran su Injiniya Laftanar, Injiniya Kwamanda, Injiniya Kyaftin. A 1915, ana tsakiyar yaƙi, aka ba su da'irar. A 1925 aka janye musu matsayin da suka samu, har suka riƙa kiran abin babbar cin amana. Ba a haɗa su da sauran hafsoshi a jeri ɗaya ba sai 1956. Saboda haka mutum biyu suna iya yin aiki iri ɗaya, a gaban tukunyar tururi iri ɗaya, jikan wannan ya tarar da kakansa a ƙasan kafinta, jikan wancan ya tarar da nasa Kwamanda, alhali babu abin da ya raba su face shekarar da Allah ya ƙaddara haihuwar kowannensu.

A duba abin da ya auku ranar 22 ga Yuni, 1893, daura da gaɓar Ɗarabulus ta ƙasar Sham. Admiral Tryon, yana cikin jirginsa Victoria, ya umarci layuka biyu na jiragensa su juyo suna fuskantar juna, alhali tazarar da ke tsakaninsu ba ta isa juyin ba. Jirgin Camperdown ya soki Victoria a gefe, kafin rubu'in sa'a kuwa ya kife, mutum 358 suka halaka. Waɗanda ke can ƙasa, wajen injuna da bakin wuta, ba su ga abin da ya faru ba, umarnin fitowa kuma bai iso musu ba, saboda haka suka ci gaba da aikinsu, har waɗanda suka tsira suka shaida cewa farfelar jirgin tana juyawa lokacin da yake nutsewa. Sunan da tarihi ya riƙe shi ne na wanda ya ba da umarnin. Jikan ɗaya daga cikin mutanen ƙasan nan, in ya buɗe kundi, layi guda zai samu mai cewa kakansa ya mutu a rana kaza. Tsayuwar da ya yi a kan amanarsa kuwa, wadda ita ce mafificin aikinsa, babu gurbin da magatakarda zai rubuta ta.

Ba na nufin binciken nasaba abin zargi ne. Malamanmu sun tafi a kan cewa sanin dangi abin nema ne, domin da shi ake sada zumunci, da shi ake raba gado, da shi ake sanin wanda aure ya haramta da shi. Kuma wanda ya yi ɗawainiyar tono labarin kakansa don ya san wahalar da aka sha kafin a kawo gare shi, lalle ya fi wanda bai damu ba. Abin da shari'a ta ƙi shi ne alfahari. Malaman tafsiri sun ruwaito, a sababin saukar Suratut Takasur, cewa waɗansu dangogi sun yi ta gasar yawa, da rayayyu suka ƙare musu sai suka tafi maƙabarta suna ƙidayar matattunsu. Ni kuwa ban ga wani bambanci mai girma ba tsakanin wannan da wanda ya je Kew ba don kome ba sai don ya dawo da kalmar Admiral ya rataya ta a zaurensa. Kuma tun da maganar jirgi ake yi, ya isa tunatarwa cewa Annabi Nuhu, tsira ya tabbata a gare shi, da hannunsa ya sassaƙa jirginsa, manyan garinsa suna wucewa suna yi masa izgili, ɗansa na cikinsa kuwa nasabar ba ta tsamo shi daga ruwa ba.

Ibn Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya yi nazari mai zurfi a kan wannan a cikin Muƙaddimarsa, inda ya nuna cewa martabar gida a galibi ba ta wuce mutum huɗu: wanda ya gina ta ya san abin da ta ci masa, ɗansa ya gani da idonsa, ya koya daga gare shi, jikansa yana bi ne ta hanyar kwaikwayo, na huɗu kuwa sai ya zaci martabar a jininsu take, ba da aiki aka same ta ba, daga nan ya rushe ta. Masu binciken kundayen nan a yau akasarinsu su ne na huɗun, ko na biyar, shi ya sa hatsarin ya fi kusa da su. Amma kundin da kansa yana ɗauke da maganin, ga wanda ya karanta shi da natsuwa, bai tsallake zuwa layin ƙarshe ba. Zai ga shekaru nawa kakan ya yi yana mataimaki kafin a ɗaga shi, da jarrabawar da sai da ya ci ta, da jiragen da aka tura shi cikinsu zuwa Bahar Maliya ko tekun Sin, inda zafin ɗakin inji yake sumar da ƙarti, da lokutan da aka ajiye shi a tudu a kan rabin albashi. Ana cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, to, abin gadon yana cikin waɗannan layuka na tsakiya, wato sana'a da haƙuri da riƙon amana, waɗanda jika yana iya ɗauka ya yi aiki da su. Shi kuwa muƙamin na hukuma ne, tun ranar da kakan ya ajiye aiki ta naɗa wani a gurbinsa.

Saura wanda ya yi bincikensa ya tarar kakan bai taɓa zama hafsa ba sam. A 1868 rundunar ta fara ɗaukar ƙwararrun maƙera da masu gyaran inji a wani aji na dabam, ƙasa da hafsoshi, su ne kuma suka riƙa yin mafi yawan aikin hannu a ɗakin inji. Ba a samun sunayensu a ADM 196, sai an koma ga kundayen ƙananan ma'aikata, masu lamba ADM 188, inda magatakarda ya rubuta har tsawon mutum, da launin idonsa da na gashinsa, da tabon da ke jikinsa, da sana'ar da yake yi kafin ya shiga aikin ruwa.