Jinyar Wanda Ciwo Ya Tsananta Masa

Ya kai mai karatu, in ciwon ɗan'uwanka ya tsananta, gaisuwa daga bakin ƙofa ba ta isa ba. Ka tuna da Basamariyen nan na Luka sura 10, wanda ya ɗaure raunukan baƙo da hannunsa. Kai ma sai ka yi haka. Ka riƙa juya mara lafiya bayan kowace awa 2, domin kada kwanciya ta jawo masa gyambo. Ka jiƙa leɓunansa, amma kada ka ɗura masa ruwa in ba ya iya haɗiya. Ka tausasa harshenka, gama sau da yawa kunne yana ji bayan baki ya kasa. Ka karɓi jinyar dare, iyalinsa su sami barci. Irin ƙaunar da Almasihu yake nema gare ka ke nan.