HAƘƘIN WAKILI A KAN WAƊANDA SUKA AIKE SHI

 

Ya ku ƴan uwa Musulmi, a shekara ta 8 bayan Hijira, bayan yaƙin Hunainu, ƙabilar Hawazin suka zo suna masu musulunta, suka roƙi a mayar musu da iyalansu da aka kama. Manzon Allah (S.A.W.) ya gabatar da maganar ga sahabbai, taro ya ɗaga murya cewa an yarda. Amma bai ɗauki wannan amsa ba, domin a cikin hayaniyar taro ba a bambance wanda ya yarda da wanda kunya ta rufe wa baki. Sai ya umurce su su koma, shugaban kowace ƙungiya ya saurari mutanensa, sa'an nan ya kawo abin da suka ce. Imamu Buhari ya ruwaito wannan ƙissa. Ku duba fa: wanda wahayi ke sauko masa bai yanke hukunci a kan haƙƙin mutane ba sai da wakilansu suka yi magana.

Wannan darasi ya shafe mu a kowace kaka. Dokar kiwo ta shekarar 2010 ta ɗora wa hukumar jiha tsai da ranar sakin gonaki, bayan an ji ta bakin kwamitocin filaye da ake kira Kofo, da ƙungiyoyin manoma da na makiyaya. Su waɗannan kwamitoci sun samo asali ne daga dokar karkara ta 1993, kuma a cikinsu akwai kujerar manomi, da ta makiyayi, da ta mata, da ta matasa. Rana guda ce ake sanyawa a takarda, amma rayuka na rataye da ita. In an gaggauta, garke ya faɗa wa waken da ba a roro ba da dawar da ba a yanke ba. In an jinkirta, tabkunan arewa sun ƙafe, makiyayi ya gangaro ko da izini ko babu. Dattawanmu ba su manta da Toda ba, cikin ƙasar Gidan Rumji, inda a watan Oktoba na 1991 aka hallaka fiye da mutum 100, mafi yawansu mata da yara, a kan rikicin gona da kiwo.

Gwamna yana Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa. Ba ya ganin gonarka. Abin da wakili ya faɗa shi ne ake rubutawa, kujerar da aka bari wofi kuwa ba ta magana. Kuma tun da aka rushe majalisun gari da na jiha a watan Afrilu na 2024, aka naɗa kantomomi, nauyin da ke kan waɗannan wakilai na sa-kai ya ƙaru.

To, yaya muke yi da su? Mu zaɓi mutum a gindin bishiya, mu yi masa fatiha, mu watse. Ranar taro ta zo, ya bar gonarsa ko shagonsa, ya biya kuɗin mota daga aljihunsa. In ya dawo da abin da muke so, mu yi shiru. In ya dawo da akasinsa, mu ce an saye shi. Wannan zato ne, kuma Suratul Hujurat ta gargaɗe mu a kansa. Ina ganin shi ya sa masu gaskiya ke gudun wakilci, a bar shi ga mai neman kuɗin zama. Sai mu koma muna kuka da waɗanda muka bar wa wurin da kanmu.

Malamai sun ce abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Kare dukiya da jini wajibi ne a kan al'umma, saboda haka guzurin wanda ya tafi tsaya mana ba alfarma ba ce. Haka nan ba shi labari na gaskiya: wace gona ba a gama ba, wane burtali aka nome, wace rijiya aka toshe wa hanya. Kada manomi ya ƙara kwana goma a kan gaskiya don ya cuci maƙwabcinsa Bafulatani, domin wakilin da aka ɗora wa ƙarya ba a sake saurarensa.

Kai kuma wakili, ka sani kujerar ba ta jam'iyyarka ba ce, ba ta danginka ba ce. Ka faɗi abin da aka aike ka ko da ya saɓa wa ra'ayinka, ka dawo ka bayyana abin da aka yanke ba ragi ba ƙari.

Muna kira ga kwamitocin masallatai su ware wani abu daga taimakon Juma'a guda kafin girbi domin kuɗin motar wakilai, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. In sun dawo, liman ya ba su lokaci bayan sallar La'asar su yi bayani, a gayyato ardo da mutanensa, a kuma aika wa mata da wakiliyarsu ta sanar da su.